Karanta Mini

Sati uku ban ji sunana a bakinta ba.
"Ke, ƴar lakwal." Shi ke nan.
Ni da na fito Garin Malam da farar riga
wadda innata ta goge har sau biyu,
sai na wuni ina wanke almakashi da faranti
da ruwan jarka, don famfo ya yi shiru tun Talata.

Madam Cima ba ta gudu.
Ko ana kururuwa a ƙofa, takunta ɗaya ne,
kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono.
Shekara talatin da ɗaya a ɗakin yara.
An ce cikin likitocin da ke ba ta umarni yau
akwai wanda ta sa wa ƙarin ruwa yana goye.

Abin da ya fi ci mini rai:
ta ɗauko kwalbar allura, ta miƙo,
"Karanta mini."
In karanta. "Nawa ne a ciki?" In faɗa.
"Yaushe za ta lalace?"
Kullum, a gaban iyayen yara, kamar ƴar aji ɗaya.
Na sha kuka a gindin dogonyaron bayan ɗakin magani,
na ce tsohuwar nan ta raina karatuna.

Sai wani daren gadi, tsakiyar damina,
lokacin da zazzaɓi ke kwantar da yara uku a gado ɗaya.
Aka kawo yaro a babur daga bayan Mirriya,
jikinsa kamar tsumman da aka matse.
Na soka, na rasa.
Na sake, na rasa.
Uwar ta kau da kai ba ta ce uffan ba,
da ma zagina ta yi.

Wuta ta ɗauke.

Ina lalubar waya in haska,
ta ce, "Bari. Kawo yatsa."
Ta ɗora nata kan nawa, busasshe, mai ɗumi,
ta bi da ni bayan hannun yaron a hankali.
"Jijiya ba ta son kallo. Saurara.
Kin ji ta? Kamar zare a ƙarƙashin zane."
Na ji ta.
Kafin injin ya tashi, allura ta zauna.

Sannan ta ɗauko kwalba.
Na gan ta, ba ta san ina gani ba:
ta kai ta nesa, ta dawo da ita kusa,
ta juya ta wajen fitila, ta ƙanƙance ido,
ta daɗe.
"Karanta mini."

Ashe.

Na karanta da ƙarfi, sannu-sannu,
har na yi tuntuɓe a wata kalma da gangan
don ta sami abin gyarawa.
Ta gyara, da faɗa, yadda ta saba.

Da asuba ta zuba mini shayi a murfin tarmos.
Duwatsun Birni sun fara fitowa daga duhu.
Ta ce, "Saura wata bakwai in ajiye aiki."
Ba ta ƙara ba, ban tambaya ba.
Daga ranar kuwa ko ba ta miƙo ba
ina gefenta, bakina na kan kowace kwalba.

Yaron ya koma gida ranar Alhamis,
uwar ta ce za su biya kasuwar Dole su saya masa takalmi.

Ranar da na gama, na kai mata littafina ta sa hannu.
Biro ya nufi ƙasan layi,
na ɗan ja takardar da ƙaramin yatsa.
Ta ji. Ta yi shiru. Ta sa.
Ta rufe littafin, ta ce,
"Barira, hannunki na rawa har yanzu.
Ki riƙa cin abinci kafin gadi."